Verna Celestine da Rabon Aikin Jinga

Shekara goma sha tara muka yi a kamfani ɗaya ni da Verna Celestine, amma a shekaru ukun farko muryarta kaɗai na sani. Ni ina fili, a kan jingar ƙasar da ke tare kogin Misisipi kada ya afka wa gari, ina shugabantar masu katafila da direbobin tifa. Ita kuma tana ofishinmu na Baton Rouge, tana amsa waya da buga takardu. In na bugo a fusace don man gas ya yanke mana, kafin in buɗe baki sai ta ce, "Ina kwana, Mista Dalton. An tashi lafiya? To madalla, yanzu kana iya fara faɗan."

A hayin kogi aka haife ta, kusa da garin New Roads, a wani gida da gonakin rake suka kewaye. Mahaifinta, Ulysse Celestine, mai walda ne, yana da rumfa a bakin hanyar da ta nufi jinga. 'Ya'ya bakwai ya haifa, duk mata, don haka da Verna ta kai shekara goma sha uku sai ya kifa mata gilashin walda a fuska ya ce ta riƙe masa ƙarfe. Ba ta tsaya a riƙon ba. Kafin ta gama sakandare manoman rake sun fara tambayar ko yarinyar tana nan, don waldarta ta fi ta uban tsafta.

Ta taɓa ba ni labarin yadda kowace shekara motocin manyan 'yan kwangila kan bi ta ƙofar rumfarsu. Ulysse yakan fito ya ɗaga musu hannu, su ma su ɗaga masa. In wani ƙarfe ya karye musu kuwa, sai su ɗora shi a mota su kai birni, tafiyar awa guda, su wuce shi a tsaye. Har ya bar duniya babu wanda ya taɓa taka birki a gabansa. Ta ce, "Akwai raini a ciki, kada ma mu yaudari kanmu, baƙar fata ne. Amma ba shi ke nan ba. Su ba su san sunansa ba, shi kuma bai san ofishin da ake zuwa ba."

Ta auri wani ma'aikacin jirgin dakon kaya, suka haifi 'ya'ya biyu, ciwon zuciya ya ɗauke shi tana da shekara talatin da huɗu. Abin da ya kawo ta ofishinmu ke nan.

Kamfaninmu da aikin gwamnatin tarayya yake ci. Doka kuwa ta ce duk babban kamfanin da ke neman babbar kwangila sai ya haɗa da takardar da ke nuna kason aikin da zai miƙa wa ƙananan kamfanoni, har da na mata, da na tsofaffin sojoji, da na yankunan da talauci ya yi wa katutu. A ciki za a faɗi irin ayyukan, da yadda za a nemo mutanen, da sunan ma'aikacin da zai tsaya a kai. Mu "tsarin ƙanana" muke ce wa takardar. A wajenmu wata tsohuwar takarda ce guda ɗaya, duk lokacin da aka buƙace ta sai a sauya kwanan wata a tura. Da mutumin da ke sauya kwanan watan ya yi ritaya, aka rasa mai so, sai aka aje wa Verna a kan tebur aka ce ta sa sunanta a inda nasa yake.

Sai ta karanta. Ina jin ita ce ta farko da ta yi haka cikin shekara goma. A bayan takardar akwai sunayen ƙananan kamfanoni goma sha biyu da lambobin wayarsu, ta zauna ta buga su ɗaya bayan ɗaya. Ranar ina ofis, don na faɗo daga kan katafila na karye a hannun hagu, likita ya hana ni aikin fili wata uku. A gabana ta shiga wajen mai kamfanin, Mista Hollis, wani tsoho da ya fara sana'a da katafila ɗaya ta haya. Mutum ne mai maƙo da saurin fushi, amma yana da kunya.

Ta ce, "Mista Hollis, wannan mai kafa shingen da muka yi wa gwamnati alkawarin za mu ba shi aiki bana, ka san shi?"

Ya ce, "Tsohon Percy? Ƙwarai kuwa. Mutumin kirki."

"Haka matarsa ta ce. Shekararsa shida ke nan a kabari."

Mista Hollis ya cire tabarau. Ta ci gaba da bayani a hankali. Lamba huɗu ba sa shiga. Ɗaya ta koma shagon wankin karnuka. Biyu sun ce ba su taɓa jin sunan kamfaninmu ba. Ta ce in ana son sunanta a takardar, a ba ta mota da ranar Juma'a, ta je ta nemo rayayyu. Tsohon ya dube ni, ya dubi hannuna da ke rataye a wuya, ya ce, "Ga direba nan a banza. Duk wata hanya da ke bakin kogin nan ya san ta."

Haka na zama direban Verna da hannu ɗaya. Ba da son raina ba, kuma ban ɓoye mata ba. Muka riƙa bin garuruwan bayan jinga a akori-kurar kamfani. Ba ta fara da ofisoshi ba. Takan tsaya a shagon taya, da gidan mai, da ƙofar coci, ta tambaya wa ke da tifa, wa ke da tarakta, wa ya iya awon ƙasa. Duk sunan da aka ba ta sai ta ga mai shi ido da ido. A Juma'a ta huɗu aka kwatanta mana gidan Clovis Ardoin, tsohon soja, mai tifa uku a bayan gida.

Muka tarar da shi a ƙarƙashin bishiya yana wanke matatar mai. Dogo ne, ya fara furfura, ba ya gaggawar magana. Ya saurari Verna har ta gama, sannan ya goge hannunsa ya ce, "Af, ashe masu neman suna ne."

Ya shiga gida ya fito da wasiƙu uku daga manyan kamfanoni uku. Kowace tana cewa ana farin cikin sanya shi cikin tsari.

Ya ce, "Sunana ya yi wa gwamnati aiki sau uku, Mis Verna. Motocina ko sau ɗaya. Da zarar sun ci kwangilar, in na buga waya sai a ce maigida ya fita. Ku sha kofi ku kama hanya, ba na son ɓata muku rana."

Ni har na juya. Verna kuwa ta ce a nuna mata motocin. Ta zagaya ta farko, ta leƙa ta biyu, a ta uku sai ta cire takalminta mai tsini, ta shimfiɗa kwali, ta shige ƙarƙashi da rigar ofis. Can muka jiyo muryarta.

"Mista Clovis, wa ya yi maka wannan waldar? Maƙiyinka ne?"

"Ƙanin matata ne."

"To ai shi ke nan, na gane. Kana da injin walda?"

Minti arba'in ta yi tana gyaran wajen, mu biyu muna tsaye kamar an dasa mu. Da ta fito, fuskarta duk baƙin hayaƙi, Clovis ya ƙwala wa matarsa kira ya ce ta ƙara shinkafa, baƙin nan za su ci gumbo, wato miyar kuɓewar yankinmu. A kan teburin nan Verna ta gaya masa gaskiya. Ta ce ba ta da ikon ba shi aiki, ita mai amsa waya ce. Abin da take da iko a kai shi ne sunanta, kuma ba za ta sa shi a ƙarƙashin takardar da ta san ƙarya ce ba. Ta kuma lissafa masa abin da ya rage a gefensa: rajistarsa da gwamnati ta mutu, inshorarsa ba ta kai ta aikin jinga ba, direbobinsa ba su yi horon kiyaye haɗari ba.

Ya ce, "Wannan duk takarda ce."

Ta ce, "Takarda ce. Ita ce kuma ƙofar. Asabar ka same ni a ɗakin karatun gari da ƙarfe tara, mu cike tare."

Ya je. Bayansa wasu suka bi. Akwai Earline Picou, wata bazawara mai tarakta biyu da ke yankan ciyawar dabbobi, wadda ba ta taɓa sanin cewa gwamnati na biyan mutane su shuka ciyawa a jikin jinga don kada ruwan sama ya zaizaye ta ba. Da Verna ta gaya mata, sai ta riƙe baki ta ce, "Ciyawa? Wadda nake zagi kullum?"

A wannan yawon ne Verna ta gano inda matsalar take a gidanmu. Mu mukan ɗaure aikin waje a dunƙule: jigilar ƙasa, shinge, shuka ciyawa, yayyafa ruwa a hanya, duk a ba mutum ɗaya. Wanda zai iya ɗaukar wannan kuwa sai mai mota hamsin. Ta zo da shawarar a yanka shi gunduwa-gunduwa, har jigilar ma a raba ta mil-mil. A nan muka yi faɗanmu na farko na gaske.

Na ce, "Ke kina ofis cikin sanyi. Ni ne zan riƙa bin mutum goma sha biyar a fili maimakon ɗaya. Wannan motarsa ta lalace, wancan kakarsa ta mutu."

Ta ce, "Kana da waya, kana da baki, kuma kowa ya shaida bakin nan yana aiki."

"Verna, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Mutumin naka ɗaya, daga ina yake zuwa?"

"Can jihar Texas."

"In jingar ta fashe, gidan wa ruwa zai shiga? Nasa?"

Ban yarda ba. Na dai ci gaba da tuƙi.

A ƙarshen shekarar aka fitar da sanarwar aikin da kowa ke jira: ƙara wa jinga tsawo na mil goma sha ɗaya a hayin kogi. Verna ta yi mako uku tana rubuta tsarin. Ba ta cika baki a ciki ba. Mista Hollis ya so a rubuta kaso mai tsoka don a burge gwamnati, ta ce a'a, abin da za mu iya cikawa za a rubuta. Kowane aiki da ta ware, ta sa sunan waɗanda za su iya yin sa, da ranar da ta gan su, da adadin motocinsu. Jami'ar kwangilar da ta duba takardun ta bugo waya da kanta tana tambaya ko waɗannan mutanen da gaske akwai su. Verna ta ce, "Ranki ya daɗe, buga wa ta shida. Amma ki shirya, Mis Earline ba ta iya gajeren zance ba."

Muka ci kwangilar. Farashinmu ne ya fi taimakawa, ba zan yi ƙarya ba, amma an gaya mana tsarin ma ya yi nauyi a ma'auni.

Ba a yi mako biyu ba sai ga abin da Clovis ya faɗa ya taso. Mista Hollis yana da ɗa, Grady, wanda ake shirin miƙa wa kamfanin. Ba mugu ba ne, mai son sauƙi ne. Wani abokinsa yana da tifa talatin, kuma ya yi wa kamfanin nasa rajista da sunan matarsa don a ƙidaya shi cikin kamfanonin mata. Matar kuwa shagon gyaran gashi take da shi, ban jin ta taɓa hawa tifa. Grady ya ce a ba su jigilar gaba ɗaya, kason mata ya cika, kason ƙanana ya cika, kowa ya huta.

Ranar Litinin ce, ranar da ake dafa mana jan wake da shinkafa a ofis. Muna zaune a ɗakin cin abinci Grady ya turo wa Verna takardar canjin ya ce ta sa hannu. Ta karanta, ta mayar masa, ta ci gaba da cin abincinta.

Ya ce, "Mis Verna, ba shawara nake nema ba."

Ta ce, "Na sani, Mista Grady. Hannu kake nema, nawa kuma ba zai hau ba. Na je shagon matar nan, ta yi mini gashi ma, ta iya. Na tambaye ta tifa nawa take da su, ta ce in tambayi mijinta."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Fuskar Grady ta yi ja.

Ya ce, "Kin san mutum nawa ne ke neman kujerar nan taki?"

"Da yawa. Ina da 'ya'ya biyu a makaranta, kada ka ɗauka ban ji tsoro ba. Amma na zauna a gidajen mutanen nan na ci abincinsu. Kuma ranar da jami'ar nan za ta tambaya ina Ardoin, ina Picou, ni za ta kira, ba kai ba."

Mista Hollis yana can ƙarshen tebur. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Dalton, kai ka ga motocin sojan nan. Za su iya?"

Da zan ce na tsaya mata da ƙarfina, da na ji daɗin ba da labarin nan. Abin da na ce kawai shi ne, "Motocin tsofaffi ne, amma yana kula da su." Tsohon ya tauna wannan tare da wakensa. Daga nan ya yanke hukunci. Matar mai gyaran gashi ba za ta shiga tsari ba. Clovis zai fara da mil biyu. In ya iya, a ba shi sauran abin da aka rubuta masa. In ya gaza, Verna da hannunta za ta rubuta wa gwamnati dalili. Ragowar jigilar kuma a bar wa mutumin Texas kamar kullum. Ya dubi ɗansa ya ce, "Na taɓa zama mai katafila ɗaya. Ci abincinka."

Watan farko Clovis ya kusa ba ta kunya. A mako na biyu giyar mota ɗaya ta zube. A na uku direbansa ya tafi aikin matatar mai inda aka fi biya. Katafiloli na suna tsaye suna jiran ƙasa, ni kuwa ina zage-zage a waya. Na bugo wa Verna na ce ta fara rubuta wasiƙarta. Ta ce in ba ta kwana goma.

Ta tafi wajen Clovis ta same shi ya yi zugum a bakin ramin da ake ɗibar ƙasa. Ya ce mata ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, gara ya janye tun da sauran mutunci. Ta ce, "Mutum nawa ka sani masu tifa ɗaya-ɗaya a yankin nan?" Ya ƙirga da yatsu, ya kai tara. Yawancinsu rake suke ja lokacin girbi, sauran watanni motocin na zaune. Ta ce ya tara su su yi aiki a ƙarƙashinsa. Ya ce ai ba su da takardu. Ta ce, "Asabar nawa ce a wata?"

Duk lokacin sanyin nan ɗakin karatun gari ya zama kamar tashar mota. Manyan maza da hannaye kamar faranti suna zaune a kan kujerun yara suna cike takardu, Verna tana zagayawa a kansu tana cewa, "Mista Alcide, nan sunanka za ka rubuta, ba na motar ba." Wasu suka gaji suka daina zuwa. Kafin ƙarshen Fabrairu dai Clovis yana da mota goma sha ɗaya a kan jinga, ya cike gibin da ya bari, aka kuma ƙara masa mil biyu.

A watan Afrilu kogi ya taso. An yi ruwa mai yawa a arewa, ƙanƙara ta narke a kai, hasashen da aka yi mana ya sauya sau uku cikin mako ɗaya. Mu kuwa muna da wani waje mai tsawon kusan rabin mil da muka kankare saman tsohuwar jingar don mu ɗora sabuwa, wato ya fi ko'ina gajarta. Ranar Juma'a injiniyan gwamnati ya tsaya a wajen, ya dubi ruwa, ya ce muna da kwana biyar mu rufe shi. A daidai lokacin mutumin Texas ya kwashe rabin motocinsa zuwa wani aikin gaggawa can sama da mu. Ban zarge shi ba, ko'ina wuta ake ciki. Na yi lissafin lodin da nake buƙata da motocin da suka rage mini, na ga ba za mu kai ba.

Na bugo wa Verna. Wannan karon ni na fara cewa ina kwana. Ta ce, "Lallai abin ya yi tsanani. Faɗi."

Ranar Lahadi da safe, bayan an tashi daga addu'ar farko a coci, na iso bakin ramin ƙasa na tarar da layin motoci ya miƙe har ya sha kwana a bayan gonar rake. Na ƙirga ashirin da bakwai. Wasu direbobin ba su ko cire rigar coci ba. Clovis yana tsaye da hular kwano yana raba su rukuni-rukuni kamar yana fareti. Verna kuma ta kafa tebur a bakin ƙofa tana duba takardun kowa. Mota huɗu ta mayar, don inshorarsu ba ta cika ba. Ɗaya daga cikin masu su, wani dattijo, ya yi ta rantsuwa cewa gidansa na bayan jingar nan, taku ɗari uku.

Ta ce, "Na sani, Kawu, na san gidan. Amma in ka kife a can sama, matarka ba ta da kowa sai Allah. Ajiye motar. Muna neman mai ba da hannu a mararraba."

Ya karɓi tuta yana gunaguni, ya yi kwana huɗu a mararrabar nan yana daka wa direbobi tsawa.

Ban taɓa ganin an ja ƙasa kamar wannan makon ba. Ba wanda na ce wa ya yi sauri. Daga saman jinga kowannensu yana hango rufin gidansa ko na uwarsa. Earline ta kawo taraktocinta tana janyo duk motar da ta kafe a laka, matan coci suka kafa tukwane a gindin jinga suna miƙa wa direbobi abinci ta taga. Ranar Laraba da azahar muka zuba lodin ƙarshe, katafila ta bi ta danne. Kogin ya kai ƙarshen tashinsa bayan kwana shida, ya tsaya ƙafa biyu ƙasa da sabon saman, ya yi kwanaki yana lasar ƙasar, sannan ya fara ja da baya.

Ba a yi wani biki ba. Mista Hollis ya zo fili ya bi direbobin ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Grady ma ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, daga baya ya je ya karɓi lambar Clovis da kansa. A ofis aka cire Verna daga amsa waya, aka ba ta ɗaki mai taga, aka rubuta a ƙofa cewa ita ce mai kula da hulɗa da ƙananan kamfanoni. Ta ce ɗakin ya yi, amma kada a taɓa mata Juma'arta.

Ba duk wanda ta kawo ne ya yi albarka ba. Wani mai awon ƙasa ya yi mana aikin banza har sai da aka sake. Wani da ta yi wata shida tana koya masa takardu, ashe shi ma fuska ce kawai, wani babban kamfani ne a bayansa, kuma ita da kanta ta kai rahotonsa, ta yi mako guda ba ta walwala. Earline ta shuka ciyawar mil goma sha ɗayan nan tsaf, ta ƙara yin aiki uku da mu, sannan ciwon gwiwa ya zaunar da ita, 'ya'yanta kuma ba mai son sana'ar, aka sayar da taraktocin. Amma a shekarun da Verna ta riƙe tsarin, sau biyu kaɗai muka gaza cika abin da muka rubuta, kuma duka biyun ta rubuta dalili dalla-dalla kafin a tambaye ta. Clovis yanzu yana da tifa goma sha shida, 'yarsa ce ke riƙe da ofis. Uku daga cikin masu mota ɗaya-ɗayan nan sun tsaya da ƙafarsu, suna neman aiki da sunansu, har suna yi masa kishiya a farashi, yana ƙorafi yana dariya.

Ni da ita muka yi ritaya a shekara ɗaya. Ni na koma kamun kifi. Ita kuwa har gobe tana ɗakin karatu duk Asabar, kyauta, yanzu da na'ura mai ƙwaƙwalwa maimakon biro. Wani lokacin ma ma'aikatan manyan kamfanoni ne ke zuwa, waɗanda aka aje wa tsari a tebur ba su san ta inda za su fara ba. Abu na farko da take sa su yi shi ne su buga duk lambobin da ke bayan takardar a gabanta.

Makon jiya ta bugo mini. Ta ce an ba ta labarin wasu mata biyu, ya da ƙanwa, can kudu wajen Morgan City, masu gyaran famfunan da ke zuƙe ruwa daga gari, kuma an ce hannunsu yana da kyau, sai dai ba su taɓa yin rajista ba. Idonta ya fara ba ta wahala a doguwar hanya.

Na ce, "Verna, na yi ritaya fa."

Ta ce, "Ni ma haka. Juma'a ƙarfe takwas. Ka wanke motar, warin kifi take yi."

Na wanke ta jiya.